Rasuwar Hayasaka Tokuji, Mai Tafin Farko

Cikin alhini da karyewar zuciya, Ƙungiyar Masu Sauraron Dogon Amo ta Zauren Tsukikage da ke unguwar Koenji a birnin Tokyo, a madadin Mai Girma Shugabanta, da dattawan kwamitin amintattu, da makaɗa, da ɗaukacin mambobi, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar dattijonta kuma uban masu sauraro, Malam Hayasaka Tokuji, tsohon mai sana'ar awara, wanda mai gidan da yake haya ya iske ya cika a ɗakinsa, shi kaɗai.

Wanda bai taɓa shiga zaurenmu ba zai yi mamakin a ce sauraro ma hidima ce. Kiɗan da muke taruwa dominsa ba na rawa ba ne, jita ce ake ja wa amo ɗaya mai kauri, a riƙe shi fiye da awa guda, har kofunan shayi su riƙa rawa a kan tebur. Mun ga wanda ya fashe da kuka bai san dalili ba, mun ga wadda ta fice tana cewa injin niƙan garinsu ya fi wannan daɗi, masu barci kuwa ba a magana. Marigayin ya shafe shekaru sama da talatin yana tarbar kowane baƙo da auduga a tafin hannu, yana cewa, "Toshe kunnen, ɗan'uwa, haƙarƙari ne ke ji." In aka zo tayar da mai minshari sai ya hana, ya ce a bar bawan Allah, shi ma da kuɗinsa ya shigo.

Babbar hidimarsa ita ce tafi. A irin kiɗanmu babu mai sanin ƙarshe, domin amon yakan kwanta kamar ya mutu, sai kuma ya sake tasowa, kuma babu abin kunya a wurinmu kamar mutum ya tafa kiɗa bai ƙare ba. Saboda haka kowa ya saba jiran hannun Malam Hayasaka, in ya tafa, a bi shi. Ranar Lahadin da ta gabata da rana muka yi zaman farko babu shi. Amo ya kwanta, ya ɗauke gaba ɗaya, zaure cike da mutane, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran wani ya fara. Haka muka yi tsuru-tsuru har mai jitar, Malam Oyamada, ya gaji da tsayuwa ya ce, "Haba jama'a, ai tun ɗazu muka gama." Ba a tafa ba, kowa ya ɗauki lemarsa ya tafi gida.

Ƙungiya ba za ta ɓoye abin da ya fi yi mata ciwo ba. Dokar zaurenmu ita ce ba a magana ana kiɗa, kiɗan kuwa dogo ne, in an gama kowa sauri yake ya kama jirgin ƙasa. Ashe shekara da shekaru muna zama kafaɗa da kafaɗa da mutum, muna cin awararsa kyauta, amma cikakken sunansa a bakin ma'aikatan hukuma muka fara ji. An ƙona gawarsa bisa al'adar ƙasar nan, babu ɗan'uwa ko ɗaya da ya tsaya tsince ƙashi daga toka kamar yadda dangi ke yi, kuma har yanzu tulun tokarsa yana ajiye a wurin hukuma. An shaida mana cewa ba za a ba mu shi ba sai da yardar dangi, kuma idan babu wanda ya fito, za a haɗa shi a kabarin waɗanda ba su da kowa.

Don haka muke miƙa wannan ta'aziyya musamman ga ƙanwarsa, Uwargida Hayasaka Fumie, wadda muka ji tana gonar tuffa ta gidansu a lardin Akita, kuma aka neme ta ba a ji daga gare ta ba. Uwargida, mun ji cewa tun ranar da ya bar miki gona da tsofaffi ya taho birni saboda wannan ƙarar kiɗan namu, ba ku sake haɗa ido ba. Ba mu ce ya kyauta ba, kuma ba mu da bakin ba ki haƙuri a kan wahalar da ba mu muka sha ba. Muna addu'ar a sanyaya zuciyarki, a ba ki juriyar wannan rashi ke da 'ya'yanki da jikokinki, shi kuma a sa ya huta.

Roƙonmu ɗaya ne. Idan ƙafa ba za ta iya kawo ki ba, ko zuciya ta ƙi, ba sai kin zo ba, ba kuma sai kin yafe masa ba. Mun sami wuri a makabartar wani ƙaramin wurin ibada kusa da zaurenmu, limamin ya amince, mambobi sun raba wa juna ranakun shara da kai furanni. Komai ya kammala, abin da muka rasa kawai shi ne jininsa guda ɗaya da zai ce mana, ku ɗauke shi.

Sa hannu:
Uwargida Kuroiwa Setsuko
Kakakin Ƙungiyar Masu Sauraron Dogon Amo, Zauren Tsukikage, Koenji