Ƙwayar Bayan Kafaɗa

Karaganda, 3 ga Maris

Yaya Raushan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara, ya ciwon ƙafar?

Saura kwana ashirin wa'adina ya cika. Kin tuna likitanku ya ce ƙwayar da ya ɗinke mini a bayan kafaɗa shekara uku za ta yi, in na kurɓi barasa kafin nan sai gawa.

Yaya, Baba ya dawo. Kada ki ce in je wurin malami, kin san ni ban yarda da komai ba, wanda ya mutu ya mutu. Amma da rana tsaka, in na gifta kantin bakin tasha, sai in ji ƙarar kofi yana bugun haƙoransa, yadda yake yi in hannunsa na rawa. Jiya har warin rigarsa na ji a bas.

Ina zuwa taron Alhamis na masu barin barasa a ɗakin karatu. Babu addu'a, shayi ne da takarda, kowa ya rubuta abin da ke kiransa ya sha. Na rubuta "Baba". Wani tsohon mahaƙin kwal, Tolegen, ya leƙo ya ce, "Kai, naka ma mutum ne! Nawa miyar matata ce." Kowa ya yi dariya, tawa iya leɓe.

Ki roƙi likitan ya ɗinka mini wata. Tsoro nake ji.

Ƙanenki,
Sabit

Almati, 12 ga Maris

Sabit, ɗan taurin kai,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, yara na gaishe ka.

Likita ya rasu bara. Sau uku na yaga takardar nan, amma dole ka sani. Ni na riƙe masa faranti ranar da ya tsaga ka. Ƙwayar bitamin ce, irin ta yara. Ni na roƙe shi ya tsorata ka, don na binne Baba da kwalba a aljihunsa, ba zan binne ka haka ba.

Ka ƙi yarda da Allah, ka yarda da bitamin! Shekara uku babu abin da ya riƙe hannunka sai kai. Ka yafe mini.

Allah ya tsare ka, ko ba ka so.

Yayarka,
Raushan

Karaganda, 27 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta zo, kuma da ma ba ta zo ba.

Ranar da ta zo na shiga kantin. Na tsaya gaban kwalabe, Baba yana tsaye bayana, ina jin numfashinsa daidai kan tabon. Na sayi burodi na fito.

Na karanta wa 'yan Alhamis takardarki. Babu wanda ya yi dariya. Tolegen ya shafa tasa kafaɗar, inda aka ɗinke masa irin ƙwayata, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Wannan makon bai zo ba.

Ni ban sha ba tukuna. Gobe zan je gidansa.

Sabit