Benci Tamanin, Gurfana Biyu

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Lauyan Gwamnati,
Ma'aikatar Shari'a.

Daga:
Kafinta mai shago na bakwai,
Layin kafintoci, bayan tashar mota.

Kwanan wata: 9 ga Oktoba

Game da: Sake gurfanar da ni a kan zargin da kotu ta riga ta wanke ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 3 ga Janairu na ƙulla yarjejeniya da mai wata makarantar kuɗi cewa zan yi masa benci tamanin, katako nasa, aiki nawa. Na gama ashirin, sai ranar 21 ga watan injin yanka ya cire mini yatsu biyu na hannun dama.

2. Ranar 2 ga Fabrairu, hannuna a naɗe, muka zauna mu uku a ofishinsa: ni da shi da surukinsa, wanda shi ma kafinta ne. Mai makarantar da bakinsa ya ce a mayar wa surukin aikin. Aka rubuta sabuwar yarjejeniya, muka sa hannu, ya yaga tsohuwar a gabanmu. Washegari mota ta kwashe katakon daga shagona zuwa wurin surukin, har da guntaye. Tun ranar nauyin ya sauka daga wuyana.

3. Surukin ya sayar da katakon, ya yi layar zana. Sai aka bar jaki ana dukan taiki: aka kama ni bisa zargin cin amana, na kwana tara a tsare. Bayan zama bakwai, ranar 18 ga Yuni, alƙali ya duba sabuwar yarjejeniyar, ya saurari direban motar, ya wanke ni. Ba wanda ya ɗaukaka ƙara.

4. Ranar 30 ga Satumba 'yan sanda suka dawo, a gaban wata mata da ta zo ba ni aikin gado. Yanzu wai sata ce, a wata kotun. Katakon shi ne dai, shaidun su ne dai, suna kawai aka canza, kamar a shafa wa ruɓaɓɓen katako sabon fenti. Na nuna takardar hukunci, jami'in ya ce waccan kotu daban, wannan daban. Da ya zo ɗaukar zanen yatsuna, ya yi dariya, ya ce na rage masa aiki.

5. Ban yi karatun shari'a ba, amma lauyan da ya tsaya mini ya tabbatar doka ta hana a gurfanar da mutum sau biyu kan laifi ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, ko ƙusar wani ban taɓa riƙewa ba. Yau mai ɗakina ta daina shiga taron mata. Babban ɗana, wanda na koya wa riƙon zarto, ya goge sunana daga allon shago, wai sai ƙura ta lafa. Ban hana shi ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya ba da umarnin janye wannan tuhuma kafin zaman 24 ga Oktoba, a kuma nemi surukin inda yake. Kwafin yarjejeniyar da na hukuncin suna haɗe da wannan takarda. In kuwa hukuncin alƙali bai isa ba, a taimaka a sanar da ni a rubuce, sau nawa ake wanke talaka kafin ya fita.

Allah ya ƙara girma, ya yi riƙo da hannunka.

Naka mai biyayya,

(Sa hannu)
Baba Kafinta