Mota a Kan Turmi

Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki. Yaya lafiyarki, da maigida da yara?

Ranar da muka kai Inna likita Madawa, ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa ya lalace bayan Tabotaki. Abin ɗaga mota ya ƙi aiki, ga Inna tana ta nishi.

Sai wata mata ta juye geronta, ta mirgino turminta. "Ku ɗora nan, ɗiyana!" Maza suka cicciɓi mota, ta zauna daram bisa turmi, direba ya cire tsohon ƙarfen ya sa sabo. Yaya, ko a littattafan soyayya ban taɓa ganin haka ba! Kunya ta hana ni ko godiya.

Inna ta ji sauƙi. Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a, har da mai turmin da ban san sunanta ba.

Ƙanwarki,
Rabi