Tirelar da Ta Ƙi Shiga

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Kina shafa maganin, ko kin jefa shi bayan kwaba kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin tambayi labarin maigidana, Direba. Albishirinki, mutumin ya farfaɗo. Kin san tun da likita ya hana shi doguwar tafiya saboda bayansa, ya zama kamar kujerar falo. In na fita asibiti da safe yana bakin taga, in na dawo yana nan, shayin da na ajiye masa ya huce. Ba faɗa, ba fara'a. Ni kuwa da wannan shirun gara min faɗan.

To, yanzu ya samu abin yi. Tsohuwar kwamfutar nan ya kakkaɓe, ya yi ta kallon bidiyon koyarwa, har ya iya haɗa ɗan wasa irin wanda ake buɗewa a shafin intanet a buga nan take, ba sai an sauke komai ba. Da yatsa biyu yake rubutu, tabarau a ƙarshen hanci, yana yi wa allo magana kamar yana ji. Wasan me kike tsammani? Tirela. Ribas ake yi da ita a shigar tsakanin motoci biyu a wurin sauke kaya.

Ya shiga wani zaure a intanet na masu irin wannan sha'awar, kowa yana saka nasa a gwada a faɗi ra'ayi. Kafin ya saka, ya ce ni zan fara gwadawa, kuma in gaya masa gaskiya.

Yaya, wasan ba ya buguwa. Ba ka ganin motar, sai madubin gefe biyu, domin wai babu direban da ya taɓa ganin motarsa daga sama. Babu bayani ko layi ɗaya. Ina danna hagu, gindin tirelar ya yi dama, kafin in ce me na kwashi motar mutane. Sai allo ya yi baƙi, rubutu ya fito: “Sauka ka ba wani.” Na yi ta saukowa har na gaji. Shi kuwa in ya karɓa, da hannu ɗaya yake zura ta yana kurɓar shayi.

Da ya tambaye ni, na ce launin motar ya yi kyau. Ni da nake yi wa mutane allura kullum, nake gaya musu ƙiri-ƙiri za su ji zafi, na kasa. Tsorona in faɗa ya rufe kwamfutar ya koma bakin taga. In kuma na yi shiru, baƙin da ba su san shi ba za su faɗa masa, ba tare da sun tauna ba. Ki ba ni shawara.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da kika ce ƙafa ta yi sauƙi, ko da yake ban yarda da ke sosai ba sai na ji daga bakin maigidanki.

Shawararki ta iso: in yabe shi, namiji yabo yake so. Na gode, amma ban bi ba, kada ki ji haushi. Ke mijinki in kika ce rigarsa ta yi kyau yini zai yi yana murmushi. Nawa ya daɗe yana karanta fuskar mutane ta madubi, ya san yabon dole in ya gan shi.

Abin da na yi, na ce ya nuna min zauren nasu. Wata malamar lissafi ce ke kula da shi, kuma ta kafa ƙa'idar da ta burge ni. Mai gwaji ba ya cewa wasa ya yi kyau ko bai yi ba, ba ya kuma koya wa mai wasa yadda zai gyara. Abin da ya same shi kawai zai faɗa: ina ya tsaya, me ya zata zai faru, me ya faru, me ya ji a ransa. In kuma gwajin ido da ido ne, mai wasan zai zauna a baya, hannu a gwiwa, baki a rufe, har a gama. Na ce wa Direba mu bi dokar Malama, tun da shi ya kai kansa.

Ranar da ba ni da aiki muka zauna bayan la'asar. Na ja teburin kusa da taga, ya ɗora matashinsa na baya a kujera a bayana. Ina bugawa ina faɗin abin da ke raina da ƙarfi. Na ce ga shi na ga madubi biyu, ban san wanne zan kalla ba. Na ce na danna hagu don ina son gindin ya yi hagu, ga shi ya tafi dama, ban san laifina ba ne ko na wasan. Ina jin numfashinsa a ƙeyata. Da na kwashi motar farko sai da kujerarsa ta yi ƙara. A karo na gaba ya miƙo hannu, na buge shi. Da kin gan shi, Yaya, da kin yi dariya har da hawaye, kamar wanda aka ɗaure ana cin abincinsa.

Na faɗi abin da ya yi min daɗi, kuma ba don lallashi ba. Ƙarar injin ta gaske ce, ashe garejin abokinsa ya je ya ɗauko da waya. In ka taka birki madubin yana ɗan rawa, har cikina na ji. Sannan na faɗi mai nauyin. Na ce ba wahalar ce ta sa nake son rufewa ba. Ban san kuskurena ba ne, wasan kuma bai gaya min ba, sai dai ya kore ni. Na ce rubutun nan na “sauka ka ba wani” ya sa na ji ni daƙiƙiya ce, kuma da ba nasa ba ne da tun farko na rufe ban dawo ba.

Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ce ya ji, ya gode. Yau kwana biyu ke nan bai buɗe ta ba. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, amma jiya na dawo na tarar da shi a bakin taga. Ban yi nadamar faɗa ba, amma ina jin tsoro. Ki sa mu a addu'a, kuma don Allah kada ki ce ai kin gaya min.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da fatan alheri gare ki da iyali. Maigidanki ya tabbatar min kina shafa magani, don haka na janye zargina. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ya yi yawa a asibiti, gida kuma ya koma wurin koyon tuƙi.

Ashe zaman tagar nan ba na fushi ba ne, tunani yake. Ya ce ƙoƙari yake ya tuna yadda shi kansa ya koya, ya kasa, don abin ya daɗe da komawa hannunsa ya bar kansa. Sai da ya tuno ubangidansa na farko, Allah ya jiƙansa, wanda yake tsayawa a bayan mota inda za a gan shi ta madubi, yana nuni da hannu. Ya ce tsohon yakan ce sauka ka ba wani, gaskiya ne, amma sai bayan ya yini a rana yana yi maka nuni. Wai shi korar ya saka a wasan, ya manta da tsayuwar.

Yanzu in ka buɗe, fili ne fetal ba mota ko ɗaya, sai wani ɗan tsoho a madubi yana juya hannu. In ya ɗaga tafin hannu ka tsaya. In ka yi kuskure allo ba ya baƙi, tsohon ne zai dafe kai, rubutu ya ce ka juya sitiyari da wuri, ko ka makara wajen mayarwa. Motocin mutane sai a mataki na gaba.

Na so ya ƙara hoton motar daga sama, har na karya dokar Malama na faɗa. Ya ƙi ƙememe. Ya ce wasannin fakin masu kallo daga sama sun cika intanet, nasa na madubi ne, wanda ba ya so ya tafi can. Na ji haushi a lokacin, amma da na ci gaba da bugawa na ga shi ne da gaskiya, kuma na gaya masa. Ranar da na shigar da tirelar nan ba tare da na taɓa kowa ba, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, na tashi na taka rawa a tsakiyar falo. Ya ce fakin ɗin a karkace yake, amma za a iya sauke kaya.

Ya saka shi a zaure. Malamar lissafi ta rubuta masa dogon bayani, ta ce ta tsaya a mataki na uku don hannun tsohon yana ɓacewa in motar ta lanƙwasa sosai. Wani mai gyaran firiji ya ce ƙarar injin ta tuna masa da mahaifinsa. Shi ma Direba ya gwada na wasu. Akwai wani wasan kama kifi da ya ba shi haushi ƙwarai, amma ya daure ya kai ƙarshe, ya rubuta inda ƙugiyar ta ruɗa shi, bai ce wa mai shi ya sauka ba.

Shekaranjiya kuma abin da nake tsoro ya zo. Wani baƙo da bai karanta ƙa'ida ba ya rubuta layi ɗaya, wai wasan banza ne, ya rufe. Ina tsaye da tire a hannu na karanta ta kafaɗarsa, na ƙi motsi ina kallon fuskarsa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai ya sa yatsunsa biyu ya rubuta wa mutumin cewa ya gode da ya gwada, a ina ya rufe, kuma me yake gani a madubi a lokacin.

Na ɗauka baƙon ba zai amsa ba. Jiya da safe sai ga amsa, har da ɗan ban haƙuri. Ashe a waya ya buɗe, madubin dama gaba ɗaya ya fita daga allo, da madubi ɗaya bawan Allah yake ta fama. Mu kuwa duk a kwamfuta muka gwada.

Ina shirin fita na ce ko in haɗa masa shayi. Bai ko juyo ba, ya miƙo hannu ya ce in ba shi aron wayata ya gwada wasan a kanta, in ɗauki tasa, kuma in kwashe kayana daga teburin, yau yana da aiki.

Yaya, tun ranar da likita ya hana shi hanya ban ji kalmar aiki a bakinsa ba. Na kwashe kayan, na fita, sai da na tsaya a bayan ƙofa na share idona kafin in kama hanya.

Ki gaishe da maigidanki da yara. In kin kira lambata kin ji muryar namiji, kada ki ja shi da hira.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta