Yashin Goggo a Tukunyar Silba

Asabar, 7 ga Oktoba, 1989

Na dawo daga Kano da tukwanen silba huɗu. Rabin yini na yi a rumfar mai tukwanen ina ɗagawa ina ƙwanƙwasawa, har ya gaji da ni. Masu kaurin gindi na zaɓa, waɗanda murfinsu ya zauna daram. Ya ce ba sa tsatsa har abada, amma ban da yashi, ban da soson ƙarfe. Sabulu da tsumma kawai. Na jera su a kabad. Maigidana Malam ya leƙa ya ce, "Girki za a yi da su ko kallo?" Ban kula shi ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Goggo ta zo daga Kwanyawa ganin likita, ƙafafunta sun kumbura. Matar da ta goye ni tun rasuwar Inna, yau ni na riƙe ta ta sauko daga mota. Ta ga fuskarta a murfin babbar tukunya ta yi ta dariya. "Saude, ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini?"

Laraba, 18 ga Oktoba

Na taso daga makaranta da ciwon kai, 'yan aji huɗu sun cinye mini murya. Na tarar Goggo ta yi mini miyar kuka irin tata. A babbar tukunyar. A kan murhu, da itace, don ba ta iya kunna risho ba. Ga ta a bakin rijiya, ta miƙe kumburarrun ƙafafun nan, tana dirzar ta da toka da yashi. Ƙyallin duk ya tafi, sai zane-zane.

Zan rubuta abin da na ce, don kada gobe in rage shi. Na ce, "Goggo, wa ya sa ki? Nan ba ƙauye ba ne. Abin da ba ki sani ba ki bar shi."

Ta ce, "Gani na yi ta yi baƙi." Ta wanke hannunta ta shiga ɗaki. Ban ci miyar ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ta tafi. Wai gyaɗarta na jiranta. Na raka ta tasha da ƙunshinta, maganar tana bakina har motar ta tashi. Girman kai ne, ba wani abu ba. Asabar ta sama zan je in ba ta haƙuri.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ban je ba. Takardun yara. Mako mai zuwa.

Talata, 31 ga Oktoba

Ɗanta Halliru ya zo a mashin har makaranta. Goggo ta rasu da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

A wurin zaman makoki na ja Adama matar Halliru gefe, na tambaye ta ko Goggo ta ambace ni. Ta ce ta ambata. "Cewa ta yi kin yi tukwane masu kyau, Allah ya sa ki ci moriyarsu." Shi ke nan. Da ma ƙarata ta kai, da na fi samun sauƙi. Yanzu wa zan roƙa?

Lahadi, 10 ga Disamba

Sadakar arba'in. Tun ranar da na yi wa Goggo maganar nan ban buɗe kabad ba sai yau, da zan ɗauki tukwanen a yi girki. Na sa hannu a ta farko na ji danƙo. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Duk an shafe cikinsu da man gyaɗa, yadda take yi wa tukunyarta ta ƙarfe don kada ta yi tsatsa. Ranar Alhamis ɗin nan ke nan, ina makaranta, bayan na gaya mata abin da na gaya mata. Har sawun yatsunta yana nan.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban kai tukwanen ba, aro aka yi.

Asabar, 16 ga Disamba

Babbar tukunyar tana kan murhu kullum yanzu. Kananzir ya yi tsada, shi ya sa. Toka kuwa tana fid da baƙi, ban ga laifinta ba.

Da la'asar Malam ya same ni da kwalbar man gyaɗa, ina shafa wa ƙananan. Ya ce, "Ba kin ce ba sa tsatsa ba?"

Na ce ba sa yi. Na ci gaba da shafawa.