Kada Ki Sallame Ni da Yabo

Ya Juwairiyya, farin watan zuciyata, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar tsamiyar da nake hutawa!

Kin san ni. Da facin taya na fara a bakin tashar Azare, ba uba a gwamnati, ba kawu a banki. Yau har daga Gadau da Giade ake zuwa shagona sayen kayan babur, gidan da na gina kuwa ba wanda ya ɗora mini bulo ko ɗaya. A sakandare na tsaya, ban kuma taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Amma ga shi ke kin hana ni cin tuwo!

Kin tuna yammacin nan a gindin darbejiyar ƙofar gidanku, kina bitar jarrabawarki ta ƙwarewa kan kula da ma'aikata? Muryarki kamar iskar fadama bayan an ɗauke ruwa. Kika karanta mini yadda ake sallamar ma'aikaci: a zaunar da shi, a yaba masa, a gode masa, sannan a nuna masa ƙofa. Wallahi ranar dariya na yi.

To, ran Juma'a sai kika shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Kika yabi ƙoƙarina, ke da kullum sai kin tsokane ni da baƙin man da ke farcena. Kika ce kin gode da duk abin da na yi miki. Kin gode! Juwairiyya, saura me? Ƙofar?

Shi kuma Najmuddeen na ofishinku, mai kawo miki tsofaffin tambayoyi, duk garin nan shi kaɗai ya iya bayani? Kowace Asabar sai Bauchi ajin bita, ku biyu a matse a kujerar gaba! A hanyar ma karatun ake yi?

Ki ci jarrabawarki, ya tauraruwar asubahina, ni zan yanka ragon murna. Takardarki ba ta ba ni tsoro. Tsorona kada ya zama a kaina kike gwada darasin. In zatona ƙarya ne, ki dawo da tsokanarki, ki raina farcena yadda kika saba, in samu barci.

Amma kafin ki sake hawa motar Bauchi, ki gaya wa Baffanki manyana na nan tafe. A sa rana, a rubuta sunana kusa da naki a katin ɗaurin aure, cikakke, kowa ya gani.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Babayo Zarami Mai Kayan Babur