Wa Zan Bar wa Bakwainina Ranar Litinin?

Anti Amatullah, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Raina a ɓace yake, in kin ga magana tana hawa kan magana ki yi haƙuri da ni.

Ni malamar firamare ce a nan Zuru. Mijina Solomon soja ne, yana can gabas wurin aiki, sai dai mu gaisa ta waya. Cikina yana wata bakwai naƙuda ta kama ni a cikin aji, da alli a hannuna. Yaron da na haifa, Anti, da kin gan shi sai kin yi hawaye. Ko kuka bai iya ba, sai ɗan ƙara kamar ɗan mage. Ya fi wata guda a cikin kwalba, ni kuma ina kan bencin asibiti ina tatsar nono ana ɗura masa ta hanci. Mun sa masa suna Gabriel. Ranar da za a sallame mu nas ta ja mini kunne sosai: kada sanyi ya taɓa shi, kada a shiga taro da shi, mai mura ko tari kada ya matso kusa, duk wanda zai ɗauke shi ya wanke hannu. Ta kuma koya mini ɗaure shi a ƙirji, jikina da jikinsa, in rufa zane a kai.

Surukata, Mama, ta zo daga Ribah tun muna asibiti. Ba zan ci amanarta ba, ita ta riƙe gida, ita ke girki tana aiko mana, ita ke wanki. Amma tun da muka dawo, duk dokar da na faɗa a wurinta iyayi ne na ’yan boko. Wai ita ta haifi takwas, duk a baya ta goya su tana noma, ba ta taɓa ganin an ɗaure yaro a gaba kamar mai ɓoye kayan sata ba. ’Yan barka su zo, in miƙa musu ruwa da sabulu, sai ta raka su ƙofa tana ba su haƙuri, wai tun da na haihu kaina bai dawo daidai ba. Ina jin ta da kunnena. Na haɗiye, saboda uwar mijina ce.

To ga abin da ya fasa mini zuciya. Hutun haihuwa wata uku ne, kuma daga ranar da na haihu aka fara ƙirgawa, ba ruwan kowa da cewa kusan rabinsa a asibiti ya ƙare. Kwanakin baya na tatsi nono na bar wa Mama yaron, na je makaranta roƙon hedimasta ya ƙara mini ko da wata ɗaya. Ya ce doka doka ce, shi ma ba shi ya kafa ta ba. Na dawo gida da wannan baƙin cikin, na tarar da ƙofa a rufe, babu Mama babu Gabriel. Maƙwabciyata Hafsat ce ta ce ta ga Mama ta goya shi ta nufi coci, ta yi mata magana ba ta saurara ba. Ranar taron zumuntar mata ce, kuma an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi.

Ban san lokacin da na hau kabu-kabu ba. Ina shiga na ga mata sun yi da'ira, ana buga tulu ana waƙa, ga ɗana ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Kowace ta karɓa sai ta ɗaga shi sama, ta taka rawa da shi, ta sumbace shi, ta miƙa wa ta kusa. Hularsa tana ƙasa ana takawa. Wadda na same shi a hannunta tari take yi, tana goge hanci da gefen zane. Na fizge shi, na ce musu in yaron nan ya mutu su suka kashe shi. Tulu ya tsaya, na fice.

A gida Mama ta ce na kunyata ta a gaban sa'o'inta. Wai lokacin da yake kwalba ta yi wa Ubangiji alkawari, in ya fito da rai za ta kai shi zumunta, duk matar da ta yi masa addu'a ta riƙe shi da hannunta. Alkawari da ɗan wa? Ta tambaye ni? Kwana biyu bayan haka jikinsa ya ɗau zafi, numfashinsa ya koma sama-sama, haƙarƙarinsa yana lotsawa. Muka sake kwanciya asibiti kusan mako guda, da robar iska a hancinsa. Har yau Mama ba ta yarda taron nan ne ya jawo ba, wai bakina ne, tunda na ambaci mutuwa a ɗakin Allah.

Yanzu ranar Litinin zan koma aiki. Hafsat ta ce in riƙa bar mata shi daga safe zuwa tashin makaranta. Dattijuwa ce, ɗinki take yi a gida, ’ya’yanta duk sun girma, kuma babban ɗanta Muntaka ma bakwaini ta haife shi, ga shi yau ƙato yana tuƙa tirela. Ba sai na ce mata ta wanke hannu ba. Da Mama ta ji, sai ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce mini: “In kika ba bare jikana ina raye, ƙafata ba ta ƙara taka gidan nan.” Ba wai ba sa shiri da Hafsat ba ne, tare suke shan hira da yamma. Ita dai a wurinta Hafsat ba jini ba ce.

Solomon kuma ya bugo waya yana faɗa, wai duk Ribah za a ji an ƙwace jika daga hannun kakarsa, abin kunya ne gare shi. Ya ce ko dai Mama ta riƙe yaron ko in ajiye aikin. Mutumin da a hoto kawai ya san ɗansa! Bai taɓa zama yana kallon ƙirjin yaro ko yana motsi ba. Aikin nan shekara uku na yi ina nemansa, kuma ina son sa.

Anti, ni ce marar kunya? In bar shi wurin Mama in tsaya gaban allo hankalina yana gida, ko in kai wa Hafsat in rasa zaman lafiyar aurena, ko in haƙura da aikin?

Uwar Bakwaini, Zuru

*

Uwar Bakwaini, sannu da wahala, sannu ƙwarai. Ba marar kunya ba ce ke. Dokokin da nas ta ba ki daidai suke, kuma fita da yaro irin wannan cikin taro ba da saninki ba kuskure ne babba, ko da wace niyya aka yi shi. Ni ma da na karanta sai da raina ya ɓaci.

Amma na lura da wani abu a wasiƙarki. Lokacin da kike kan benci, Mama tana gida gaban murhu. Ba ta ga abin da kika gani ba, kuma duk dokar nan daga bakin matar ɗanta ta ji ta. Tsohuwar da ta raini takwas da wuya ta karɓi darasin goyo daga wurinki, ko da gaskiyarki ta kai ina. Abin da ta iya yi wa jikanta a lokacin shi ne addu'a da alkawari, kuma ta cika shi ta hanyar da ta sani. Ɗauke yaron da kika yi daidai ne. Kalmar kisa da kika jefa wa matan ta yi nauyi. Ki ba Mama haƙuri a kan wannan kalmar kaɗai, ki kuma faɗa mata a fili cewa dokokin suna nan daram.

Kafin Litinin ki tafi da ita asibiti. Ki roƙi nas mafi shekaru a wurin ta zauna da ita, ta yi mata bayani, in an yarda ta leƙa ta ga jariran da ke kwalba. A can kuma ki nemi likita ya rubuta miki takarda kan kwanciyar Gabriel ta biyu, ki kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Hedimasta ya faɗi gaskiya, ba shi ke da ikon ƙarin hutu ba, don haka ki je inda ikon yake. In ba a ƙara ba, ki nemi izinin zuwa gida shayarwa lokacin hutun tara.

Batun riƙo kuma, ba dole sai yaron ya bar gida ba. Ki roƙi Hafsat ta kawo keken ɗinkinta barandarku da safe, tunda dama suna shiri. Yaro yana hannun kakarsa, idon wadda ta san bakwaini yana kansa, ba wanda zai ce an ƙwace jika. Sharaɗi ɗaya ne, kuma Solomon ne zai faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa: Gabriel ba ya fita ƙofar gida, ba a miƙa shi ga baƙi, sai ranar da likita ya ce ya yi ƙwari. Ki haɗa Solomon da likitan a waya ya ji da kunnensa. Soja ne, ya san umarni idan ya ji shi. Maganar ajiye aiki kuwa, kada ki yanke ta cikin fushi, naki ko nasa.

In an yi duk wannan Mama ta ce ita ba ta yarda da sharaɗi ba, to ranar Litinin ki ɗaure ɗanki ki kai wa Hafsat, ki tafi aikinki. Ki ɗaukar wa Mama jakarta har tasha da ladabi, kada ki mayar mata da magana ko ɗaya. Za ta yi fushi, za a yi surutu a Ribah, ku bi ta da ban haƙuri a Kirsimeti. Fushinta zai iya jira har lokacin, ƙirjin Gabriel ba zai iya ɗaukar wani ciwon yanzu ba.

Allah ya raya miki shi, ya ƙara masa lafiya, ya dawo da babansa gida ya riƙe shi da hannunsa.

Anti Amatullah